Mai Ruwan Toka Muka Ɗauko

Ku gyara zama, 'yan uwa, yau da labari na zo. Wadda ta san za ta yi min dariya ta daure sai na kai ƙarshe.

Ga waɗanda yau suka fara leƙo shafin nan, sunana Murja, amma a gida Ummi ake ce min saboda sunan kakata na ci. A Lugbe muke zaune, ina aiki a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya. Mu biyu Mami ta haifa, ni da ƙanwata Nafisa da ke jami'a. Sannan ni ce direban gidanmu. Tun da likitan ido ya hana Abba tuƙi, makullin mota ya tare a jakata. Asibiti ni, kasuwar Wuse ni, biki ni, ta'aziyya ni.

Kada ku ɗauka ƙorafi nake. Wannan makullin shi ne garkuwata. Duk ranar da Mami ta taso da zancen aure, sai in karyar da kai in ce, "To Mami, in na tafi wa zai riƙa kai Abba ganin likita?" Sai ta yi ƙwafa ta koma kan ƙullin turaren wutarta. Da wannan amsar na sallami samari ba ɗaya ba, ba biyu ba.

Ana nan sai ciwon gwiwa ya matsa wa Inna, mahaifiyar Abba wadda na ci sunanta, aka ɗauko ta daga Funtuwa ta dawo wurinmu, ita da keken da ake tura ta a kai. Motarmu kuwa 'yar ƙurƙura ce, tsohuwa, ta kusa sa'ar Nafisa. In an cusa keken a but, murfin ba ya rufuwa sai an ɗaure shi da tsohon ɗankwali. In za a saka Inna a ciki kuma sai an naɗe ta kamar tabarma, tana salati tana tsine wa wanda ya ƙera motar. Ranar da muka dawo daga asibiti ruwa ya jiƙe keken sharkaf, Abba ya ce ya isa haka, za a sayar da ita a haɗa a sayi babba, irin mai ƙofar da ake ja gefe, wadda kowa ke kira Siyana ko da ba ita ba ce.

Yanzu bari in gabatar muku da Barista Lukmanu. Ɗan wan aminiyar Mami ne, lauya, a Bwari yake zaune. Dogo ne, baƙi, mai farin tabarau, kullum cikin yadi marar aiki kamar limamin unguwa. Ya zo gidanmu 'yan lokuta, ya zauna a falo ya sha zoɓo, ya yi hira da Abba fiye da yadda ya yi da ni. Kuma kullum a motar haya yake zuwa. Ni da Nafisa har mun yanke hukunci a ɗaki: ko dai marowaci ne, ko kuma aikin lauyan bai karɓe shi ba. Saƙonninsa dogaye ne, da sallama da waƙafi da aya. Ni kuwa amsata ba ta wuce "To" da "Allah ya taimaka."

Safiyar Asabar ɗin da za mu je duba motar, ina cikin shafa mai saƙonsa ya shigo:

"Assalamu alaikum Murja. Da fatan an tashi lafiya. Hajiya ta ce in raka ku wajen masu mota. Zan ajiye Sumayya wurin mahaifiyata in taho."

Na tura masa hoton babban yatsa, na fita neman Mami. Wannan Sumayyar ya sha ambatonta, na kai Sumayya makaranta, Sumayya na mura. A raina ƙanwarsa ce, 'yar autar gidansu. Ban taɓa tambaya ba.

Na tarar da Mami a kicin tana juye kunun gyaɗa a filas.

"Mami, me Barista ya sani a harkar mota? Mutumin da ko keke ba shi da shi."

"Takardu zai duba mana. Ko ke kika san takardar kwastan ta gaskiya da ta bogi?" Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Wannan koɗaɗɗiyar abayar fa? Makoki za mu?"

"Tuƙi zan yi."

"Koma ki canza."

Na koma na saka atamfata kore mai ratsin ruwan goro, ɗinkin riga da siket, na yafa mayafi ruwan madara. Takalmi dai na ƙi sauyawa, shafaffe na saka, don ba a taka birki da ƙwas-ƙwas. Mami ta bi ni da kasko ta turara ni kamar wadda za a kai ɗakin miji. Nafisa na gefe tana ɗauka a waya tana cewa, "Yaya Ummi, mota za a saya ko ke za a sayar?"

Wurin masu motar a bakin titin filin jirgi yake, fili ne da aka zagaye da waya, motoci jere an wanke su suna ƙyalli. An yi ruwa da asuba, duwatsun nesa sun yi kore shar. Mun tarar Barista ya riga mu, yana tsaye da 'yar jakarsa a hannu. Ya durƙusa ya gaida Abba da Mami, ya zagayo ya kama keken Inna tun kafin in kwance ɗankwalin.

"Angona ya iso," in ji Inna. "Ka ga yadda suke ninke maka amarya ko?"

"Yau za a daina, Inna, in sha Allah."

Mai wurin, Oga Bernard, mutumin Filato ne, gajere mai tumbi da fara'a, makullai cike da aljihunsa. Hausarsa irin ta Abuja ce, mace da namiji duk ɗaya.

"Alhaji, sannu da zuwa. Hajiya, ka shigo inuwa. Mota yana nan kala-kala, duka 'yan waje ne, ba wanda ya taɓa shiga ramin Najeriya."

Uku ya fito mana da su. Fara, baƙa, da wata mai ruwan toka da ke can gefe kamar an yi mata faɗa. Farar tun a tsaye ta faɗi jarrabawa, don da aka buɗe ta wani wari ya bugo mu kamar an taɓa ajiye jiƙaƙƙen kare a ciki. Inna ta toshe hanci da gefen mayafi ta ce ko kyauta ce a kai kasuwa.

Baƙar kuwa, jama'a, mota ce. Kujerun fata, rufin gilashi, ƙofa da kanta take zugewa in an danna maɓalli, har da ɗan talabijin a rufi. Nafisa ta faɗa ciki ta miƙe ƙafa ta fara bidiyo. Abba ya zagaya ta yana shafa jikinta da tafin hannu, yana kai fuska kusa-kusa don ya gani da kyau. Na lura da shi. Abba mutum ne da ya yi shekaru yana tuƙa kansa daga Abuja zuwa Funtuwa ba tare da ya tsaya ko shan ruwa ba, kuma har yau in na yi kwana da gudu sai ya taka birkin da babu a ƙarƙashin ƙafarsa.

Mami ba ta kalli fata ko gilashi ba. But ta sa aka buɗe, ta koma tsohuwar motarmu ta fito da babbar kular biki, wadda ban ma san ta sako ta ba, ta dire a ciki. Ta sa aka ɗora keken Inna a gefe. Ta ja baya ta riƙe ƙugu.

"Saura buhun shinkafa da akwati biyu. Ina za su zauna?"

"Hajiya, kujeran baya yana kwanciya," in ji Oga Bernard, ya ja wata igiya kujerun suka nutse cikin ƙasan motar. Mami ta ce "Ikon Allah," ta sa ya tayar da su ya sake kwantarwa har sau uku.

Aka ce a gwada. Shigar da Inna ne ya zama aiki, don baƙar doguwa ce, matakinta na sama. Sai da ni da Nafisa muka tallafe ta, Barista na riƙe da ƙofa. Ta zauna tana haki ta ce, "Wannan ai raƙumi ne."

Na shiga mazaunin direba, na gyara kujera da madubi. Abba a gefena, Mami da Inna a tsakiya, Oga Bernard da Barista a can baya, Nafisa ta matse a gefen Mami don ta samu rufin gilashin. Na yi bismillah na hau titi.

Ban taɓa jan abu mai girma haka ba. Ji na yi kamar falonmu na ɗauko na fito da shi kwalta. Amma totur ɗin laushi gare shi, kana taɓawa ta amsa, sanyin esi kuma har cikin ƙashi. Muka miƙa wajen mahaɗar Kuje, masu ƙananan motoci suna ba ni hanya, abin da ban saba gani ba.

"Ummi, rage. Akwai gada a gaba," in ji Abba.

"Mun wuce ta, Abba."

"To rage dai."

Daga baya Mami ta leƙo tsakanin kujeru, idonta a kan hannuna.

"Oga, wannan ma in an sa a D shi ke nan? Ba a taka kulochi?"

"Shi ke nan, Hajiya. D gaba, R baya."

"Madubin gefen fa, yana nuna layin fakin in ana ribas?"

Na dube ta ta madubi. Mami da ba ta san bambancin birki da totur ba, ina ta samo kulochi?

"Mami, wa ya koya miki D?"

Ta koma ta jingina, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta a nutse.

"Makarantar koyon tuƙi nake zuwa, ni da Maman Promise ta gidan kusa da mu. In kin fita aiki muke tafiya. Malamin ya ce hannuna ya faɗa, wata mai kamawa zan nemi lasisi."

Saura kaɗan in hau kan wani mai keke. Nafisa ta fashe da dariya har wayarta ta faɗi. Abba ya juyar da kai waje yana kallon gonakin masara, alamar da saninsa aka yi.

"Saboda haka," Mami ta ci gaba, "asibitin Abbanku ba zai gagara ba. Kowa ya kama gabansa, ya yi abin da ya dace da shekarunsa."

A gaban Barista fa. A gaban Oga Bernard, wanda har ya ce, "Gaskiya ne, Hajiya." Na ji kamar in buɗe rufin gilashin in fice ta sama. Ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Garkuwar da na daɗe ina fakewa a bayanta, Mami ta karɓe ta da D da R. Na saci kallon Barista ta madubi ina jiran in ga yana murmushin nasara. Ba murmushi yake ba. Hannunsa ɗaya na damƙe da maɗaurin kujera, ɗayan a jikin ƙofa, idonsa a kan titi kamar shi ke tuƙin.

Da muka dawo, Inna ta ce ita fa ba ta gamsu ba, a kawo mata waccan mai ruwan tokar. Wannan ba ta da fata, kujerun yadi ne, ba talabijin, ƙofarta da hannu ake ja. Nafisa ta taɓe baki ta ce ta yi kama da motar ɗaukar 'yan makaranta. Amma gajera ce, matakinta na ƙasa. Inna ta dafa ƙofa, ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta juya, sai ga ta a zaune ba wanda ya taɓa ta. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Kun gani? Takwara, zo ja mu."

Nan Mami ta tuna ƙafarta na ciwo. Abba ma wai zai zauna ya huta. Nafisa ta ɗaga ƙafa za ta shiga, Mami ta riƙo gefen gyalenta ta ce ta tsaya ta tsare kula. Oga Bernard ya ce shi ba sai ya bi mu ba, tunda an bar masa Alhaji da Hajiya jingina.

"Lukmanu, shiga gaba ka ji mana ƙarar injin," in ji Mami.

Kun ga aikin Mami ko? Haka muka fita mu uku, ni da shi da Inna, wadda tun kafin mu hau babban titi ta rufe ido ta saki baki.

Gaskiya tokar ta fi daɗin hannu. Ba ta da ƙarfin baƙar, amma tana jin magana, kwana ba ta yi min gardama, ina ganin gabana da gefena sosai. Na sauka daga babban titi na shiga wata hanyar unguwa mai gargada don in ji yadda take ɗaukar rami. Da muka yi nisa na tambaye shi.

"Ka ji ƙarar injin, Barista?"

"Na ji. Ban san me ake saurara ba, amma na ji."

Na yi dariya ba da niyya ba. Shi ma ya murmusa, ya ce, "Kada ki damu da maganar Hajiya. Ban san da shirin ba."

"Ai ba kai aka kunyata ba."

A gefen wani masallaci da ba a gama ginawa ba na samu fili na tsaya. Wata mata na gasa masara a bakin hanya, ƙamshin na shigowa ta gilashi.

"Zo ka karɓi tuƙin," na ce masa. "Ina so in zauna a tsakiya in ji yadda ramin ke dukan mai zama a baya. Saboda gwiwar Inna."

"Gara dai ki ci gaba."

"Daga nan zuwa bakin titi ne kawai."

"Ki yi haƙuri, Murja."

Ni da bakina da ba ya shiru, sai na ce, "Au, ko dai ba ka iya ba ne? Ka faɗa min, ba zan gaya wa Nafisa ba. In ya so Maman Promise ta sama maka gurbi a ajinsu."

Ya cire tabaransa ya goge da gefen riga, ya mayar. 

"Na iya. Rabona da sitiyari tun ranar da mahaifiyar Sumayya ta rasu. Daga Kaduna muke dawowa, ni ke tuƙi, tayar gaba ta fashe mana bayan mun wuce Tafa. Ni da yarinyar ko ƙwarzane ba mu yi ba. Ita ko asibiti ba a kai da ita ba. Lokacin Sumayya ko yaye ba a yi ba. Na gwada komawa, in na zauna a wurin nan hannuna rawa yake. Sai na sayar da motar."

Kun san yadda mutum ke ji in ya taka matakalar da babu? Haka na ji. Na rasa me zan fara kamawa, rasuwar, ko matar, ko shegen bakina.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙanta. Sumayya... 'yarka ce?"

Ya juyo gaba ɗaya ya dube ni.

"Ba a gaya miki ba?"

Na girgiza kai.

"Gwaggona ta ce ta yi wa Hajiya bayanin komai tun kafin in fara zuwa. Kullum ina ambatonta a saƙo, da na ga ba ki taɓa tambayar ta ba, sai na ɗauka abin ne bai kwanta miki ba, kina dai kara." Ya sauke ajiyar zuciya. "Da na san haka ne, da ranar farko na faɗa da bakina. Ba abin da zan ɓoye ba ne. Shekararta biyar, tana da surutu, ba ta cin wake. In wannan ya sauya lissafi, ki faɗa min kai tsaye, ba zan ga laifinki ba. Zan san abin da zan ce wa su Hajiya, ba za a ɗora miki ba."

Ga shi nan fa, 'yan uwa. An karɓe min tsohuwar hujja da safe, kafin azahar an miƙo min sabuwa fil, wadda ko Abba ba zai musa ba: an ɓoye min yana da 'ya. Kalma ɗaya zan furta in huta. Na buɗe baki, kalmar ta ƙi fitowa. Abin da ke yawo a kaina kawai shi ne, mutumin nan duk zuwan da yake yi daga Bwari zuwa Lugbe, a bayan motar wani yake zama yana damƙe da ƙofa, ni kuma ina ɗaki ina kiransa marowaci.

"Allah ya jiƙan baiwar Allah," in ji wata murya daga baya. Inna ce, idonta a rufe har lokacin. "Ya raya abin da ta bari. Takwara, sayo min masarar nan mai laushi, ki ja mu tafi. Motar ta yi."

Barista ne ya fita ya sayo. Kafin ya dawo Inna ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Ni ma ban sani ba, kada ki harare ni. Uwarki ce da ƙulle-ƙulle."

Da muka shigo filin, na hango Abba zaune a mazaunin direban baƙar motar. Injin a kashe, ƙofa a buɗe, hannayensa biyu a kan sitiyari, yana kallon gaba. Ba wanda ya je kusa da shi. Na yi fakin na taka a hankali na tsaya a gefensa.

"Ummi ce? Ya kika ji waccan?"

"Ta fi sauƙin hannu, Abba. Kuma Inna da kanta ta shiga, da kanta za ta fita. Amma in wannan kake so..."

Ya shafa sitiyarin sau ɗaya, ya sauko da ƙafarsa ƙasa.

"Da ina gani da kyau, da ba mai raba ni da wannan. Amma masu tuƙi da masu gwiwa su ke da zaɓi. A kira Lukmanu ya duba takardun tokar."

Nafisa ta yi ta ƙunƙuni har gida, wai an bar rufin gilashi an ɗauko motar makaranta. Barista ya zauna a ofishin Oga Bernard ya bi takardu ɗaya bayan ɗaya, ya gwada lambar jikin mota da ta takarda, ya ce lafiya lau. Aka yi ciniki, Mami ta sa aka ƙara mana sabuwar tayar safaya da tabarmin ƙasa. Aka tsayar ranar Laraba bakaniken Abba zai zo ya duba ta, in ya gamsu in ɗauko. Da za mu rabu Barista ya yi wa kowa sallama, ya ce min "Sai an jima" kawai, ya tsaya bakin titi yana jiran motar haya.

Muna isa gida na bi Mami ɗakinta na rufe ƙofa.

"Mami, me ya sa ba ki gaya min yana da 'ya ba?"

Tana cire ɗan kunne a gaban madubi. Hannunta ya tsaya.

"Ya faɗa miki ke nan."

"Na yi masa tsiya a kan tuƙi, Mami. Na ce ya shiga ajinku. Ashe a hannunsa matarsa ta rasu."

Ta zauna a bakin gado. Na ɗauka faɗa za ta yi, sai na ji muryarta ta yi ƙasa.

"Ban kyauta ba. Na san halinki ne, da kin ji tun farko ko falo ba za ki fito ba. Na ce bari ki ga mutumin tukuna. Wanda ya riƙe jaririya shi kaɗai, bai kai ta ƙauye ya ajiye ba, bai yi gaggawar auro mai raino ba, ni a wurina ya fi saurayin da bai taɓa ɗaukar nauyin ko kyanwa ba. Amma riƙon ɗan wani ba wasa ba ne, kuma ke za ki yi, ba ni ba. In kin ce a'a, na rantse ba zan sake tayar miki da zancensa ba."

Na fi son Mami mai faɗa. Wannan ban san yadda ake yi da ita ba.

Kwana biyu ba saƙonsa. Ni da nake jan tsaki in na ga dogon rubutu, sai ga ni a ofis ina juya waya kamar mai jiran albashi. Na koma sama na karanta duk tsofaffin saƙonninsa. Sumayya ta zana masa kyanwa mai ƙafa shida. Sumayya ta haddace Tabbat yada. Sumayya ta tambaye shi ko kifi na yin barci. A ƙarƙashin kowanne ga amsata, "To."

Ranar Laraba na ɗauko motar, Inna ta sa aka zagaya da ita unguwa tana ɗaga wa maƙwabta hannu. Da la'asar na zauna a cikinta ni kaɗai a tsakar gida, na rubuta na goge, na rubuta na goge. Daga ƙarshe na tura:

"Mota ta iso. Ranar Asabar zan je Zuba sayo wa Inna lemo da kankana. Akwai wuri."

Ba a jima ba ya amsa: "Allah ya sa alheri, ya tsare. Wurin mutum nawa?"

Na daɗe ina kallon tambayar. Na rubuta, "Biyu."

Asabar da hantsi na fito cikin doguwar riga ruwan hoda, ba wanda ya ce in canza, ba wanda ya biyo ni da kasko. Mami dai tana shara a bakin tagar falo, wuri ɗaya take ta sharewa. Motar haya ta tsaya a ƙofar gida. Barista ya fito, ya zagaya ya buɗe baya, ya sauko da wata 'yar mitsitsiyar yarinya mai kitson kalaba, da hijabi ruwan ɗorawa da ya karkace, da jakar goyo mai kunnuwan zomo. Idonta irin nasa ne sak.

Ta gaida ni a taƙaice, "Ina kwana, Anti." Ta wuce ni ta leƙa motar, ta hau da kanta, ta zauna a kujerar da ke bayan tawa, ta ja maɗauri ta ɗaure ƙat ba tare da an ce mata ba. Babanta ya shiga gaba. Na zauna, na gyara madubi, sai muka haɗa ido da ita a ciki.

"Anti."

"Na'am, Sumayya."

"Kakata ta ce wai ke za ki auri Abbana. Da gaske ne?"

"Sumayya," in ji shi a hankali.

Ko kallonsa ba ta yi ba. "Don in da gaske ne, akwai abin da zan gaya miki. Amma sai ya fita."

Barista ya dube ni, na dube shi. Ya kwance maɗaurinsa, ya buɗe ƙofa, ya sauka, ya rufe mu a ciki.